Sharhi kan uv: manhajar da ke bayyana dalilin da fakitocin Python suka ƙi zama tare

Na shafe fiye da shekara guda ina amfani da uv wajen girka fakitocin Python, wato shiryayyun lambobin da wasu suka rubuta waɗanda mutum ke kira a cikin manhajarsa, a ayyukana na nazarin bayanai da kuma ajin da nake koyar da masu fara rubuta manhaja, kuma ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani, musamman game da matsalar da ta fi kowace cinye wa mai aiki da Python lokaci, wato rikicin da ke tashi idan fakitoci biyu suka nemi sigogi daban-daban na fakiti na uku. Kamfanin Astral, wanda Charlie Marsh ya kafa, kuma wanda ya samar da Ruff, manhajar duba kurakurai a lambobin Python, shi ne ya fitar da uv a watan Fabrairu na 2024. An rubuta shi da harshen Rust, kyauta ake samunsa, lambobinsa a buɗe suke ƙarƙashin lasisin MIT da na Apache 2.0, kuma abin da aka fi yaba masa da shi shi ne sauri, domin masu shi suna cewa ya ninka pip, manhajar da aka saba girka fakitocin Python da ita, sauri sau 10 zuwa 100. Saurin gaskiya ne, na shaida shi, amma ba shi ne ya sa na zauna a kansa ba.

Tushen rikicin yana cikin tsarin Python kansa. Muhalli ɗaya, wato keɓaɓɓen wurin da ake girka fakitocin wani aiki, ba ya ɗaukar siga biyu na fakiti ɗaya, saɓanin abin da ake yi a JavaScript, inda npm, mai girka fakitocin harshen, kan ajiye wa kowane fakiti tasa sigar abin da ya dogara da shi a cikin babban fayil nasa. A Python dole ne a samu siga guda ɗaya tak da za ta gamsar da kowa, alhali kowane fakitin da mutum ya kira yana zuwa ne da 'yan rakiyarsa, su ma da nasu 'yan rakiyar, har mutum ya nemi fakitoci biyar ya tarar an sauke masa saba'in. Kafin watan Nuwamba na 2020, pip ba ya yin wannan sasanci yadda ya kamata. Yakan ɗauki sharaɗin da ya fara cin karo da shi ya girka, ko da hakan ya saɓa wa sharaɗin wani fakiti da ke gaba. Siga ta 20.3 ce ta zo da sabon mai sasantawa wanda ke komawa baya ya gwada tsofaffin sigogi idan hanya ta toshe. Gyara ne babba, sai dai duk wanda ya taɓa zama yana kallon pip yana sanar da shi cewa yana duba sigogi da yawa na wani fakiti kuma abin zai iya ɗaukar lokaci, ya san yadda minti biyar kan zama rabin awa, daga ƙarshe kuma a watso masa saƙon ResolutionImpossible, wato sasanci ya gagara.

A nan ne uv ya bambanta. Yana amfani da dabarar sasanci mai suna PubGrub, wadda Natalie Weizenbaum ta ƙirƙira a 2018 domin harshen Dart. Duk lokacin da dabarar ta ci karo da saɓani, takan gano ainihin sharuɗɗan da suka haddasa shi ta riƙe su, don kada ta sake bin hanyar da ta riga ta san a toshe take. Wannan yana rage lalube a cikin duhu, kuma yana haifar da abin da ni na fi daraja: idan babu mafita, uv yakan jero dalilan ɗaya bayan ɗaya kamar alƙali yana karanta hujjojin hukunci. Misalin da na fi nuna wa ɗalibai shi ne na TensorFlow 2.17, fakitin koyon na'ura, wanda ya sharɗanta cewa NumPy, fakitin lissafi, ya kasance ƙasa da 2.0. Idan ka nemi wannan sigar tare da NumPy 2, uv zai ce maka, cikin jimla biyu ko uku, tun da TensorFlow 2.17 ya dogara da NumPy ƙasa da 2.0, kai kuma aikinka ya nemi 2.0 ko sama, to buƙatunka ba za su haɗu ba. Daga nan shawara ta koma hannunka, ko ka ɗaga TensorFlow zuwa 2.18 wanda ya karɓi NumPy 2, ko ka sauke NumPy. Idan saɓanin yana can ƙasa a hawa na uku ko na huɗu, bayanin yakan yi tsawo, wani lokaci har ya cika allo, amma ko a haka ana iya bin zarensa daga sama har ƙasa. Na ga ɗalibin da bai fi wata biyu da fara koyo ba ya karanta irin wannan saƙon ya gyara fayil ɗinsa da kansa ba tare da ya ɗaga hannu ba, abin da ban saba gani ba a da.

Akwai nau'in rikici na biyu wanda ya fi wannan cutarwa, domin shi ba a rubuce yake a ko'ina ba, kuma shi ne ya kai ni ga uv tun farko. An saki NumPy 2.0 ranar Lahadi 16 ga Yuni, 2024, wadda ta dace da ranar Babbar Sallah a Najeriya. Da muka dawo daga hutu, sai ajin ya rabu gida biyu: waɗanda suka girka kayan aikinsu kafin Sallah komai yana tafiya musu daidai, waɗanda suka girka bayanta kuwa da zarar sun kira wani ƙaramin laburare da muke amfani da shi sai manhajar ta faɗi, tana cewa abin da aka harhaɗa da NumPy 1 ba zai yi aiki da NumPy 2 ba. Fayil ɗin buƙatu iri ɗaya ne a hannun kowa. Laburaren bai sanya iyakar sama ga NumPy ba, saboda haka a takarda babu saɓani, kuma babu wani mai sasantawa, ko pip ko uv, da zai hango matsalar da ba a rubuta ba. Abin da uv ya tanada a nan shi ne riga-kafi. Tun siga ta 0.3, wadda ta fito a watan Agusta na 2024, umarnin uv add yana rubuta buƙatar mutum a cikin pyproject.toml, fayil ɗin saitin aikin, sannan ya rubuta sakamakon sasancin gaba ɗaya a fayil ɗin kulle mai suna uv.lock, da takamaiman lambar sigar kowane fakiti da hatimin tantance shi. Duk wanda ya karɓi aikin ya buga uv sync zai samu abin da na samu, ko yana kan Windows ko Linux ko macOS, domin fayil ɗin kullen ɗaya ne ga dukansu. Ga tsohon aikin da ba a kulle ba kuma, akwai zaɓin exclude-newer, wanda ke umartar uv ya yi watsi da duk sigar da aka ɗora bayan wata rana da ka ambata. Da shi na farfaɗo da wani aiki na 2022 da ya daina girkuwa, ta hanyar ba shi ranar da na san aikin yana tafiya lafiya, kuma a ganina wannan zaɓin kaɗai ya isa dalilin da mai tsofaffin ayyuka zai ajiye uv a kwamfutarsa.

Wajen bincike kuma, umarnin uv tree yana zana bishiyar dogaro, kuma idan aka juya ta da zaɓin invert a kan fakiti guda, za ta nuna duk waɗanda suka jawo shi cikin muhallin. Tambayar “wane ne ya kawo wannan tsohuwar sigar?” ita ce rabin aikin warware rikici, kuma a nan ana samun amsarta nan take. Idan aka gano cewa wani laburare ne ya sanya iyakar da ta wuce kima, misali ya hana sabuwar siga alhali yana aiki da ita lafiya, uv yana ba da damar tsallake sharaɗin ta hanyar override-dependencies a cikin pyproject.toml. Wuƙa ce mai kaifi, kuma ina hana ɗalibai taɓa ta sai sun gwada manhajarsu sosai, domin wanda ya tsallake sharaɗi ya ɗauki alhakin duk abin da ya biyo baya.

Ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa, ma'ajiyar uv ta fi saurinsa muhimmanci. Fakitin da aka sauke sau ɗaya yana zama a ma'ajiya guda ta kwamfutar, sabon muhalli kuma yakan yi nuni ne zuwa gare shi maimakon ya kwafe shi, saboda haka muhalli goma masu TensorFlow iri ɗaya ba sa cin data sau goma, ba sa cin fili sau goma. Fakitin TensorFlow ɗaruruwan megabayit ne, takwaransa PyTorch da kayan CUDA ɗinsa na aiki da katin zane na Nvidia a kan Linux kuwa yana haura gigabayit biyu. Yayin sasanci ma, uv yakan nemi bayanan dogaro kaɗai daga PyPI, babbar taskar fakitocin Python, ba tare da sauke fakitin ba, duk da cewa adalci ne a faɗi cewa sababbin sigogin pip su ma sun koyi wannan. Idan intanet ta ɗauke, zaɓin offline yana girka duk abin da ke cikin ma'ajiya. Haka nan uv yana sauke Python ɗin kansa, wanda ya kawar mini da rikicin da ya taso lokacin da Python 3.12 ya cire distutils, tsohon kayan harhaɗa fakitoci, a watan Oktoba na 2023, domin tsohon aikin da ke buƙatar 3.11 yana samun nasa ba tare da an taɓa na tsarin kwamfutar ba. Wannan yana kuma kauce wa saƙon externally-managed-environment da Debian 12 da Ubuntu 23.04 zuwa sama ke nunawa idan aka nemi girka fakiti kai tsaye a Python ɗin tsarin.

Akwai wuraren da sabon shiga zai yi tuntuɓe, kuma ya kamata a san su tun kafin a fara. Saboda uv yana kulle aiki ne domin dukan sigogin Python da aikin ya ce yana goyon baya, wani lokaci yakan ƙi abin da pip zai karɓa. Idan aikinka ya ce yana karɓar Python 3.8 zuwa sama, sannan ka nemi NumPy 2 wanda ke buƙatar 3.9, uv zai ƙi, ko da kwamfutarka tana kan 3.12, har sai ka ɗaga ƙasan iyakar. Hukuncin daidai ne, amma yana ba mutum mamaki a karon farko. Ba ya karanta pip.conf, fayil ɗin saitin pip, don haka wanda ke amfani da taskar cikin gida ta wurin aikinsa sai ya sake rubuta saitinsa. Idan akwai taska fiye da ɗaya, yakan tsaya a ta farko da ya samu sunan fakitin a cikinta, ba ya haɗa sigogin taskoki. An yi haka ne don tsaro, bayan abin da ya faru a watan Disamba na 2022, lokacin da wani ya ɗora gurɓataccen fakiti mai suna torchtriton a PyPI, pip kuma ya riƙa fifita shi a kan na gaskiya ga masu girka sigar gwaji ta PyTorch. Na yarda da dalilin, sai dai sakamakonsa shi ne girka PyTorch mai wata siga ta CUDA yana buƙatar rubuta saitin taska a pyproject.toml, kuma wannan ya ɗauke ni yini guda kafin na fahimce shi sarai.

Wasu abubuwa biyu suna sa ni yin taka-tsantsan. Har zuwa ƙarshen 2025 uv bai kai siga ta 1.0 ba, sababbin sigogi suna fitowa akai-akai, don haka a aikin da jama'a da yawa ke ciki nakan kulle sigar uv ɗin kanta. Na biyu, pip yana ƙarƙashin kulawar masu sa kai na al'ummar Python, uv kuwa na kamfani ne, kuma tsarin uv.lock nasa ne shi kaɗai. Abin da ke kwantar mini da hankali shi ne lasisinsa a buɗe yake, umarnin uv export yana mayar da kullen zuwa requirements.txt, fayil ɗin buƙatu na gargajiya, sannan a watan Maris na 2025 an amince da ƙudurin Python mai lamba PEP 751, wanda ya kafa tsarin kulle na bai ɗaya mai suna pylock.toml, kuma uv yana iya fitar da shi.

Iyakarsa ta gaskiya tana wajen abubuwan da ba na Python ba ne. Idan fakiti yana buƙatar laburaren C da ke cikin tsarin kwamfutar, uv ba shi da iko a kansa. Masu aikin taswira sun fi kowa sanin wannan, domin fakitin GDAL na sarrafa bayanan taswira da ke PyPI sai an harhaɗa shi a kan laburaren GDAL da ke kwamfutar, kuma dole sigoginsu su dace. A irin wannan aikin har yanzu conda, wata manhajar girka fakitoci ta daban, nake komawa, tare da taskar conda-forge, wadda ke raba laburaren C da na Python a haɗe, musamman tun da siga ta 23.10 ta conda ta mayar da libmamba mai sasantawarta na asali, jiran da aka san conda da shi ya ragu ƙwarai. A sauran ayyukana kuwa, na Django da FastAPI da pandas da scikit-learn, uv ne ke girka komai. Wanda ke da tsohon aiki kuma yana son gwadawa ba sai ya sauya tsarinsa ba. Ya ƙirƙiri muhalli da uv venv, ya ba uv pip install fayil ɗin requirements.txt da yake da shi, sannan ya karanta abin da zai gaya masa game da fakitocin da ya daɗe yana zaton suna zaune lafiya.