Baifas ko zoben LINX bayan silib, ni dai ga abin da na gani a jikina

Sannu da jiki 'yar uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Na ga kin ce shekararki uku da yin silib, wato tiyatar yanke tumbi don rage ƙiba, ƙwannafi ya hana ki barci, likita kuma ya ajiye miki hanya biyu, ko a mayar da silib ɗin ya zama baifas, wato a jona saman tumbi kai tsaye da hanji, ko a ɗinke ƙofar tumbin a sa miki zoben maganaɗisun nan na LINX. Baifas za ki ɗauka. Na faɗa tun farko ne don kar surutuna ya ɓatar da ke.

Ni ma silib aka fara yi min, kuma wallahi shekarar farko ba abin da nake sai godiya, ƙiba ta zube, gwiwa ta daina ciwo. A shekara ta biyu ne abin ya fara, da farko ɗan zafi a ƙirji bayan cin abinci, daga baya sai ga ni ƙarfe biyun dare na zabura ruwa mai tsami ya cika min baki har ta hanci, ina tari kamar raina zai fita. Muryata ta dishe, likitan haƙori ma sai da ya tambaye ni ko ina yawan amai ne, don asid ya fara cin bayan haƙorana. Magungunan asid kuwa, omefrazol safe da yamma, famotidin da dare, kwalbar Gaviscon a jaka, wata a gefen gado. Na ɗaga kan gado da bulo, na daina cin komai awa 3 kafin kwanciya, duk na yi. A zaune nake barci kamar mai gadi.

Abin da ban gane ba lokacin, matsalar a ginin silib ɗin take. An yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, abin da ya rage siririn bututu ne da baya buɗewa, ƙofar ƙasa mai sakin abinci zuwa hanji tana nan da ƙarfinta, ta sama kuma sau da yawa ta saki. To abu ya matse a tsakiya, ina zai bi? Sama. Kuma aikin nan na Nissen da ake yi wa masu ƙwannafi, wanda ake naɗe saman tumbi a wuyan bututun abinci, mu ba ya yiwuwa a kanmu, don saman tumbin shi ne aka cire aka yar.

Kuskurena shi ne tsoro. Da aka zura min kyamara aka ga saman tumbin ya zame ya haura ƙirji, sai na ce a ja shi ƙasa a ɗinke ƙofar kawai, ni ba mai taɓa min hanji. An yi, na sami wata takwas na hutu, sannan abin ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba. Kin ga kenan na sha wuƙa ɗaya a banza, na biya kuɗi, na ƙara wa cikina tabo wanda ya wahalar da aiki na uku. Har yau in na tuna sai na ji haushin kaina.

LINX kuwa ban sa ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Ƙwayoyin titaniyam ne masu maganaɗisu a ciki da ake zagaya wuyan tumbi da su, a Amurka an amince da shi tun 2012, yana yi wa wasu aiki in silib ɗinsu a miƙe yake kuma bututun abincinsu na da ƙarfin tura loma. Amma dai murfi ne aka ƙara wa tukunyar da ke tafasa, matsin na nan, wasu abinci ya riƙa tsaya musu a ƙirji har sai an cire, ga kuma iyaka a kan irin na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, da za ki iya shiga. Iyakar abin da zan ce kenan.

Baifas ɗin, wanda suke kira Roux-en-Y, wani lissafi ne daban. Ana ware 'yar jaka ƙarama a saman tumbi, kamar mililita 30, a jona ta kai tsaye da hanji, sauran tumbin da yawancin asid ɗinsa da ruwan maɗaciya su bi wata hanyar su haɗu da abinci can ƙasa. Matsin ya sauka, asid ɗin da zai hau ya zama kaɗan ƙwarai. Dare na huɗu bayan aikin na kwanta a filo ɗaya tal, a miƙe, ban ma yi niyya ba barci ne ya sace ni. Da asuba maigidana yake ce min sau biyu ya tashi yana kara hannu a hancina, wai shirun ya yi masa yawa, ya saba da tarina shekara uku. Dariya na yi har ɗinkin ya yi min zafi, daga nan kuma sai hawaye. Bulon nan da na ɗaga gado da su da kaina na fitar da su waje bayan na warke.

Kuma ba labarina kaɗai ba ne. Akwai binciken SM-BOSS na Suwizalan da ya fito a 2018, bayan shekara 5 ƙwannafi ya ƙaru a wajen kusan kashi 32 na masu silib, masu baifas kashi 6 kawai. Na Finlan kuma, SLEEVEPASS, bayan shekara 10 sun ga ƙunar bututun abinci a kashi 31 na masu silib, baifas kashi 7. Waɗannan a kan aikin farko aka yi su ba na gyara ba, amma dai kin ga inda iska ke kaɗawa.

Kar ki ɗauka kyauta ne fa. Aikin gyara ya fi na farko haɗari saboda tabo, yoyon ɗinki da zubar jini sun fi yiwuwa. Bitamin ya zama abokin zamanki har abada, B12, sinadarin ƙarfe, kalsiyam, da gwajin jini duk shekara, ni da na yi sakaci wata shida sai da aka ɗaura min ruwan sinadarin ƙarfe ta jijiya. Ibufrofen da diklofenak kin yi sallama da su, haka taba da shisha, don su ke kawo gyambo a wajen jonin. Ga damfin, ki sha abu mai zaƙi da yawa sai zufa, bugun zuciya, jiri, ki nemi waje ki kwanta. In ciwon ciki mai tsanani ya taso ko bayan shekaru ne, asibiti kai tsaye, hanji na iya sarƙewa. In kina da niyyar haihuwa a dakata wata 12 zuwa 18. Kuma akwai waɗanda ko bayan baifas suna ci gaba da shan ƙwaya ɗaya, ni dai na daina a wata na shida.

Kafin ki sa hannu a kowace takarda, a yi miki kyamara ta baki a ɗauki ɗan nama a duba, a yi hoton da ake shan farin ruwan bariyam don a ga ko silib ɗin ya murɗe ko ya tsuke a tsakiya, a auna ƙarfin haɗiya, a yi awon asid na awa 24. Ki karɓi takardar sakamakon a hannunki ki karanta da kanki. In kin ga an rubuta ƙuna mataki C ko D, ko kalmar Barrett, maganar zobe ma ta ƙare, don Barrett canjin fatar bututun abinci ne da kan iya kaiwa ga kansa a wasu mutane ƙalilan, ba a wasa da shi.

Baki tambaya ba amma zan faɗa, ki yi hattara da dillalan nan da za su cika miki waya da saƙo daga kin ambaci tiyata, wai fakej, jirgi da otal da aiki duk a kwana biyar, da hotunan kafin da bayan. Duk wanda ya yanka miki rana da farashi bai ga sakamakon kyamararki ba, ciniki yake yi da cikinki. Wata dillaliya ta kusa sayar min da mini baifas a matsayin baifas, wai duk ɗaya ne sai dai ya fi sauri. Ba ɗaya ba ne, mini joni ɗaya gare shi, kuma yana iya turo ruwan maɗaciya sama, wanda omefrazol baya taɓawa, kin gudu daga tsami kin faɗa ɗaci. Haka masu garin magani da ke cewa zai tsuke ƙofar tumbi, ba garin da ke ɗinke tsoka.

Ki tambayi likitan da bakinki, silib nawa ya mayar baifas da hannunsa a bara, kuma in wani abu ya taso ƙarfe ukun dare bayan an sallame ki, lambar wa za ki kira. In ya fara kame-kame ki ɗauki fayil ɗinki ki nemi wani.