Gada ko bas, wanne Kano ta fi bukata?

Jama'a mu dan kwatanta. Gada dai kowane gwamna sai ya yi tasa, Kwankwaso ya yi ta Kofar Nassarawa, Ganduje ya yi ta Dangi da ta Hotoro, Abba kuma ya taba Tal'udu da Dan Agundi. Ana ganinta, ana hoto, a yanka ribbon, kuma gaskiya tana rage cunkoso a wajen, amma kana sauka sai ka tarar da go-slow din ya koma gaba kawai, je Kantin Kwari da yamma ka gani.

Bas kuwa ba ta da kwalliya. Sai an ware mata layi, an kafa tasha, an samu masu gyara, kuma tun da aka hana acaba a 2013 Adaidaita Sahu ce ke dauke da garin nan, ga 'yan KAROTA, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa, da direbobi kullum ana ja-in-ja, talaka na biyan kudin mota har sau uku kafin ya isa Sabon Gari daga Panshekara.

Ni dai bas na zaba wallahi. Duk dan takarar da ya zo da sabuwar gada kawai, kuri'ata ba tasa ba ce.