Zoɓo ko kunun aya: wanne ya fi dacewa da mai hawan jini?

Wata 'yar'uwa a zauren nan ta ce mahaifiyarta na fama da hawan jini, likita ya hana ta lemon kwalba, shin zoɓo za ta riƙa haɗa mata ko kunun aya?

Hajiya, in don hawan jinin ne, zoɓo ya fi. A wani bincike na Jami'ar Tufts da ke Amurka, wanda aka wallafa a 2010, mutanen da suka sha zoɓo kofi uku kullum har mako shida, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan 7. Sauƙi ne, amma bai kai a ajiye ƙwayar asibiti ba.

Sai dai zoɓon da ke wannan aikin ba irin na gidan biki ba ne. Abu biyu ke ɓata shi: sukari da kanwa. Kanwar da ake jefawa don kashe tsami, wadda ke sa launinsa ya yi duhu, cike take da sodiyam, sinadarin nan na gishiri da ake ce wa mai hawan jini ya rage. Ki wanke busasshen zoɓo cikin hannu biyu da ruwan sanyi, da sauri don kada jan ya zube, ki tafasa a ruwa lita biyu da citta da kanumfari kamar biyar, minti goma zuwa sha biyar, ki tace. In tsamin ya yi wa Mama yawa, ki dafa shi da ɓawon abarba da aka wanke sosai, ko ki ƙara ruwa. Ta riƙa kurkure baki bayan ta sha, domin tsami na cin haƙori. Idan ta fara jin jiri in ta miƙe, a auna jinin, a kuma gaya wa likita tana shan zoɓo. Mai juna biyu gara ta haƙura da shi.

Kunun aya kuwa abinci ne, ba abin kashe ƙishi ba. Aya na da mai irin wanda ya fi yawa a man zaitun, ga fotasiyam da magnesiyam, kuma wanda madarar shanu ke kumbura wa ciki yana iya shan sa lafiya. Ga tsohuwar da ta rame ko ba ta son cin abinci, ya fi zoɓo nesa ba kusa ba, tunda zoɓo marar sukari kusan ba ya ba da wani ƙarfi. Amma ba a tabbatar yana saukar da jini ba, kuma yawancin harzar ayar da ke gyara bayan gida tana tafiya ne a dusar da aka tace. In akwai ciwon suga, a kula da dabino: shida sun isa aya kofi biyu da ruwa lita ɗaya da rabi, ba sai an ƙara sukari ba.

Babbar matsalarsa saurin lalacewa. Ki tsince tsakuwa, ki jiƙa ayar ta kwana, ki zubar da ruwan jiƙon, ki markaɗa da ruwan da aka tafasa ya huce. Lokacin zafi, awoyi kaɗan ne zai fara tsami da kumfa, kuma da kin ga robar ta kumbura, zubarwa za ki yi. A firji ma kada ya wuce kwana biyu, balle inda wuta ba ta zama.