Salomon Speedcross a duwatsun Makka: ina ya dace, ina bai dace ba

Takalmin nan ya yi farin jini a wurin matasanmu na Makka da Jidda masu fita hawan dutse a ƙarshen mako. Yana da inganci, amma kafin mutum ya zuba riyalolinsa ya kamata ya san cewa kamfanin Salomon na Faransa ya ƙera shi ne domin laka da ƙasa mai laushi, mu kuwa duwatsunmu busassu ne.

Juya shi ka dubi ƙasansa. Haƙoran roba ne masu siffar kan kibiya, tsawonsu wajen milimita 5, da tazara mai faɗi a tsakaninsu don kada taɓo ya maƙale. A kan tsakuwa mai zamewa, ko yashin kwari, ko hanyoyin Abha bayan an yi ruwa, haƙoran nan suna nitsewa su kama ƙasa gam. Nan ne gidansa.

Matakalan Jabal Nur da na Jabal Saur wani abu ne daban. Dutse ne da siminti da sawun jama'a ya goge har suka yi sulɓi. Haƙori ba ya samun inda zai nitse, sai ya zamana 'yan tsinin robar ne kawai ke taɓa dutsen. Wajen hawa ba a cika lura ba. Wajen saukowa daga kogon Hira, musamman inda wani ya zubar da ruwan gora, nan ƙafa ke zamewa. Ga shi kwalta da siminti suna cinye haƙoran da wuri, na dunduniya ne ke fara tafiya. Wanda yawancin tafiyarsa a irin wannan wuri take, gara ya nemi mai gajerun haƙora da roba mai danƙo, irin robar Vibram Megagrip da ke ƙasan takalmin Hoka Speedgoat.

Sai batun faɗi, wanda ya fi damuna. Gabansa a matse yake, mu kuma da muka tashi cikin silifa yatsunmu a baje suke. A zafin da ke wuce digiri 40 ƙafa tana kumbura, a gangara babban yatsa ya yi ta dukan gaba har farce ya yi baƙi ya fita. Ka je kanti da yamma, lokacin da ƙafa ta riga ta kumbura, ka sa safar da za ka yi tafiya da ita, ka bar tazarar faɗin babban yatsan hannu a gaba. Akwai samfurin masu faɗin ƙafa, ka tambaya. Mai Gore-Tex kuwa ka bar musu: yana hana ruwa shiga, amma a nan zufa ce za ta dafa maka ƙafa, bororo ya biyo baya.

Abu biyu na yaba. Igiyarsa siririya ce, ja ɗaya ake yi a cusa ragowar cikin ɗan aljihun da ke kan harshen takalmin, ba kwancewa ba maƙalewa a ƙaya. Saƙar samansa kuma a cushe take, yashi ba ya shiga sosai, ko da yake hakan na rage shan iska. Dunduniyarsa ta ɗara gaba da milimita 10, abin da ke sauƙaƙa wa agara a hawa mai tsawo, sai dai tudun nan na sa idon sawu saurin gurɗewa a kan dutse mai gargada.

Kada a fara doguwar tafiya da sabo. A yi fita uku ko huɗu ta kilomita 5 tukuna, da safar da ba ta auduga ba. Bayan an dawo a cire shimfiɗar ciki a kakkaɓe yashi, a shanya a inuwa. Kada a bar shi a but ɗin mota da rana, zafi yana sakin gam ɗin da ke riƙe da ƙasansa.