Mahayin Borno ko Kano daga kan Dala: bugun ƙarfe da bugun dutse

Malam, ka ce a wani shagon tsofaffin littattafai a Landan aka nuna maka hotuna biyu, ɗaya na mahayin doki cikin sulke daga dakarun Shehun Borno, ɗaya na birnin Kano daga kan dutsen Dala, kuma kuɗin hannunka na guda ne kawai. Kana son sanin me ya raba su, da yadda za ka gane ba kwafin jiya-jiya za a liƙa maka ba.

In na asali ne, dukansu shafuka ne da aka ciro daga littattafan matafiya. Na Borno daga littafin tafiyar Denham da Clapperton yake, wanda John Murray ya buga a 1826. Clapperton ɗin nan shi ne ya shiga Kano a 1824, ya wuce Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Na Kano kuwa daga littafin Heinrich Barth ne, Bajamushen da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a Fabrairun 1851, littafinsa ya fito mujalladi 5 tsakanin 1857 da 1858. Tazarar shekara talatin ce da 'yan kai, amma hanyar da tawada ta hau takarda a kowannensu daban take.

Mahayin Borno bugun ƙarfe ne, aikin Edward Finden. In ka taɓa tsayawa wajen masu sassaƙar ƙwarya, ka riga ka ga rabin aikin: a tsaga jikin ƙwarya, a shafa baƙi, a goge, baƙin ya maƙale a cikin tsagar kaɗai. Haka ake yi wa farantin ƙarfe, sai dai da wani ɗan ƙarfe mai tsini ake tsaga shi, layi bayan layi, kuma a juye, don hagu za ta koma dama a takarda. A cusa tawada cikin tsagogin, a goge saman fes, a ɗora takarda mai danshi, a matse da injin mai nauyin gaske har takardar ta nutsa ta tsotso tawadar. Shi ya sa komai na wannan hoto layi ne. Inuwar da ke ƙarƙashin cikin dokin, in ka matso da ido, layuka ne da suka gitta juna kamar saƙar tabarma. Matsin nan kuma yakan bar alama, wani ɗan kurmi mai kusurwa huɗu kewaye da hoton, inda bakin farantin ya danne takarda. Ka karkata shafin zuwa haske za ka gan shi. Amma kada rashinsa ya sa ka yanke hukunci nan take, domin masu ɗinke littafi sukan datse gefe har su cinye alamar.

Kano daga Dala bugun dutse ne, abin da ake kira litogiraf. A nan ba tsaga ko ɗaya. Alois Senefelder ne ya gano dabarar a Jamus a 1796, da wani farin dutse mai laushin fuska da ake haƙowa a Solnhofen, a yankin Bavaria. Gaba ɗayan sirrin shi ne mai da ruwa ba sa ga-maciji. A zana hoto a kan dutsen da alli mai maiƙo, a shafa ƙaro da aka jiƙa, a jiƙa dutsen, sannan a mirgina tawada mai mai. Inda aka yi zane ta kama, inda ruwa yake ta ƙi. Ƙaron nan, ba wani ba ne illa wanda almajiri ke jefawa cikin tawadarsa don ta kama allo. Fuskar shafin a shafe take, ba kurmi, ba tudu, kuma a ƙarƙashin gilashin ƙara girma za ka ga tsaki-tsaki barkatai kamar an watsa yashi. Launin ƙasa-ƙasa da na sararin sama da ke jikinsa, da wasu duwatsun daban aka buga su, kowane launi da dutsensa. Gidan bugun M. & N. Hanhart ne ya yi na bugun Landan.

Ka nemi irin gilashin da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido ka tafi da shi. Kwafin zamani, ko na wanne daga cikinsu, yakan tona kansa da ɗigo-ɗigo masu bin tsari a jere, ko 'yan ƙananan ɗigon launi huɗu. Layin Finden na gaske kuwa a miƙe yake, bakinsa da kaifi, ba ya tsinkewa ya zama ɗigo. Ka duba ƙananan rubutun da ke ƙasan hoton ma: "del." na nufin wanda ya zana, "sc." wanda ya sassaƙa ƙarfe, "lith." wanda ya yi bugun dutse. Tabo mai launin ruwan ƙasa da tsufa ke sa wa takarda ba abin tsoro ba ne in bai hau tsakiyar hoton ba, sai dai dalilin neman ragi.

Da ni ne, Kano zan ɗauka. Na yarda mahayin Borno ya girme shi, kuma aikin hannunsa ya fi wahala nesa ba kusa ba. Amma allin maiƙo ya fi tsinin ƙarfe iya kama ƙura da hazo da jan ƙasar gine-ginenmu, kuma wuri ne da za ka iya hawa ka tsaya ka gwada da idonka. Abu ɗaya kawai ka riƙe: Barth ya yi zanen farko ne a gurguje, wani mai zane Bajamushe, Johann Martin Bernatz, shi ya ƙawata shi a Turai, kuma bai taɓa taka Kano ba. Saboda haka ba kowace bishiya ko katanga da ke ciki za ka rantse a kanta ba.

Kafin ka biya, ka sa a fitar da hoton daga firam ka ga bayansa da gefensa, ko an liƙa shi a kan kwali. In ka dawo da shi gida, ka nisanta shi da bangon da rana ke duka da wanda ke jan danshin damina, ka kuma lura da gara. Don Allah kada wani mai shagon hoto ya ce zai yi maka laminatin don ya daɗe, ko ya manna shi da salatif. Ledar nan in ta kama takarda ba ta sake rabuwa da ita, kuma daga ranar darajar shafin ta tafi.