Sharhi kan cikakken saitin gyaran birkin dirom na tsohuwar a-kori-kura

Yawancin tsofaffin motocin a-kori-kura, irin su Toyota Hilux, birkin dirom suke da shi a ƙafafun baya, wato birkin da takalma ke buɗewa su matse cikin dirom ɗin ƙarfe da ke juyawa tare da taya, kuma ba kasafai ake tunawa da shi ba sai ranar da feda ta fara nutsewa ko birkin hannu ya kasa riƙe mota a gangare. Saitin da na yi amfani da shi an haɗa shi ne domin wannan gyara, yana ɗauke da takalman birki huɗu, da sababbin sifirin, da ƙusoshin da ke danne takalman a jikin faranti, da ajasta biyu masu daidaita tazarar da ke tsakanin takalma da dirom.

Abin da ya sa nake ganin saitin ya fi sayen takalma kaɗai shi ne sifirin da ajasta. Mutane da yawa suna canja takalma su mayar da tsofaffin sifirin, alhali zafin da ke taruwa a cikin dirom yana kashe ƙarfinsu sannu a hankali, har su kasa janye takalmin bayan an ɗaga ƙafa, sai ya riƙa goga dirom yana cinyewa, mota kuma ta ƙara shan mai. Da na ajiye sabon sifirin kusa da tsohon, bambancin a fili yake, domin tsohon ya miƙe, zoben bakinsa ya buɗe, tsatsa kuma ta ci gindinsa. Ajastar da ke cikin saitin tana juyawa da yatsa ba tare da tirjiya ba, wanda hakan ke da muhimmanci, tunda a irin wannan birki ita ce ke matso da takalma kusa da dirom da kanta, a wasu motocin idan an taka birki ana tafiya da baya, a wasu kuma idan an ja birkin hannu.

Takalman sun zauna daidai, ba a buƙaci goge ko lanƙwasa komai ba. Inda saitin ya gaza shi ne takardar bayaninsa, wadda hoto ɗaya ne kawai mai duhu. A birkin da takalmansa ba su kai juna tsawon laini ba (wato shafin da ke manne a jikin takalmi wanda ke goga dirom), mai gajeren laini shi ake sa wa ta gaba, mai dogon kuma ta baya, amma takardar ba ta ce uffan a kan haka ba. Haka nan ba ta nuna cewa ajastar dama da ta hagu zarensu ya saɓa wa juna ba, kuma idan aka musanya su, maimakon birki ya riƙa matsewa sai ya riƙa sakewa. Saboda haka duk wanda zai yi aikin, ya kwance ɓangare ɗaya ya bar ɗayan a haɗe domin ya riƙa dubawa.

Babu silindar ƙafa a cikin saitin, wato wadda ke tura takalma su matse dirom idan an taka birki, kuma a ganina wannan rashi ne babba ga motar da ta tsufa. Ya kamata a ɗaga robar bakin silinda a leƙa, idan aka ga danshi to tana yoyo, kuma man birki ko man gatari da ya taɓa sabon laini ya lalata shi ke nan, wanki ba ya dawo da shi. Idan an canja silinda, wajibi ne a fitar da iska daga bututu, kuma gara a sabunta man gaba ɗaya, domin man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 suna shan danshi, har zafin da sabon DOT 3 ke tafasa ya sauko daga digiri 205 zuwa kusan 140 a ma'aunin Salshiyos. Shi ma dirom ɗin a auna cikinsa, a gwada da iyakar faɗin da aka buga a jikinsa, in ya zarce to canji ne maganinsa. Ƙurar da ke ciki kuwa kada a hura ta da iska, domin tsohon laini yana iya ƙunsar asbestos mai illa ga huhu, a jiƙa ta a share.

Bayan an shafa ɗan giris mai jure zafi a wuraren da takalma ke zamewa a kan faranti, aka saita ajasta har dirom ya fara taɓa laini kaɗan, feda ta dawo sama, ƙarar ƙiii da ake ji da safe ta ɗauke, birkin hannu kuma yana kamawa tun kafin a ja shi ƙarshe, ko da an yi wa motar lodi.