Bushin bodin tsohuwar a-kori-kura: roba ko foliyuritan?

Idan ƙofar tsohuwar a-kori-kura, irin su Chevrolet C10 ko Ford F-100, ta fara gogar fenda, ko sai an ɗaga ta kafin ta rufu, kada a yi saurin taɓa hinji. A fara leƙa ƙarƙashin kan motar, wato ɗakin da direba ke zama. Robobin da ke tsakanin bodi da shasi, wato bushi, sukan tsattsage su lotse bayan shekaru, kan motar ya sauka ta gefe guda, layin ƙofa da na bonet su karkace tare. A yawancin waɗannan motoci guraben shida ne: huɗu a ƙarƙashin kan motar, biyu a gaba inda ƙarfen da ke riƙe lagireto yake zaune.

Bushin roba shi ne irin wanda motar ta fito da shi daga kamfani. Yana shanye girgizar inji da ta hanya, cikin motar ya yi shiru. Rauninsa mai da zafi: man inji yana cin sa, kuma a hankali yana lotsewa. Na foliyuritan (wani nau'in filastik mai kama da roba), irin wanda kamfanonin Energy Suspension da Prothane suke yi, ya fi tauri, mai ba ya damun sa, tsayinsa ba ya raguwa da wuri, don haka saitin da aka yi yakan daɗe. Sai dai direba zai ji hanya a jikinsa fiye da da, kuma yana iya yin ƙara idan ba a shafa masa giris ɗin silikon ba. Akwai na alminiyom, amma wannan na motar tsere ne, a bar shi.

A ganinmu, motar da ake so ta koma yadda take tun asali, ko wadda bodinta ya tsufa ƙarfen ya yi siriri, roba ta fi dacewa da ita, domin bushi mai tauri yana miƙa murɗawar shasi kai tsaye ga ƙarfen da ba shi da sauran ƙarfi. Foliyuritan kuwa na motar da bodinta ke da lafiya ne, musamman mai yoyon mai ko mai ɗaukar kaya.

Kafin a biya kuɗi a duba abin da ke cikin kwalin. Wasu saitin bushi kawai suke kawowa, babu kusoshi, babu wosha, babu bututun ƙarfen da ke shiga tsakiya. Wannan bututun shi ke hana a matse bushin fiye da kima, kuma tsohon kusan kullum tsatsa ta gama da shi. A tabbatar da shekarar motar: saitin C10 na 1967 zuwa 1972 daban yake da na shekarun da suka biyo baya. A kuma duba mazaunin bushin a jikin shasi. In tsatsa ta faɗaɗa ramin har bushin yana nutsewa ciki, sai an yi walda tukuna, in ba haka ba an yi asarar sabon saiti.

Wajen sakawa, a jiƙa kusoshin da man warware tsatsa kwana biyu ko uku, domin notin da ke ɓoye cikin bodi yana iya tsinkewa ya riƙa juyawa tare da kusar. A sassauta duka, amma a cire gefe ɗaya kawai, a ɗaga da jak da katako mai faɗi, daidai yadda bushin zai fita. A lura da haɗin sitiyari, wayoyin lantarki, da murfin fanka, kada su ja ko su fashe. Kada a ɗaure komai sai duk shidan sun zauna, an auna kusurwa zuwa kusurwa an ga kan motar ya daidaita a kan shasi.

Daga nan saiti yana tafiya daga baya zuwa gaba: ƙofa da kan mota, fenda da ƙofa, bonet a ƙarshe. Tazarar kusan milimita 5 ake nema ko'ina. In tazarar fenda da ƙofa ta buɗe a sama ta matse a ƙasa, gaban ya sauka ne, sai a ƙara siraran wosha a ƙarƙashin mazaunin lagireto, ɗaya bayan ɗaya, ana rufe ƙofar ana dubawa.